Wa Ke Riƙe da Zarto, Likita ko Na'ura?

'Yan'uwana ɗalibai, kowa a cikinmu ya san wani tsoho ko tsohuwa da ciwon gwiwa ya hana zuwa gona, wani ma sai a kan kujera yake sallah. Sau da yawa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar ne ya cinye, ƙashi ya koma yana gugar ƙashi. Wannan ba karaya ba ce balle a kai wa mai ɗori. Idan magani ya kasa, likita kan yanke bakin ƙasusuwan, ya ɗora musu ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. Ana yin wannan aikin a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a 1959.

Wuyar aikin tana wajen yankan. In ya karkace, ƙarfen ba zai zauna daidai ba, ciwo ya ci gaba. Shi ya sa a ƙasashe irin su Amurka, Ingila da Indiya likitoci suke koyon aiki da na'ura mai taimaka musu. Wata sananniya ita ce Mako ta kamfanin Stryker.

Wasu na kiranta mutum-mutumi, amma ni ban ga mutum a jikinta ba, hannu ne kawai na ƙarfe. Da farko za a ɗauki hoton cikin gwiwar, kwamfuta ta zana siffarta, likita ya tsara inda zai yanka. A ɗakin tiyata ana kafa wasu alamomi a ƙashin cinya da na ƙwauri, kyamara tana bin motsinsu. Zarton yana jikin hannun na'urar, amma likita ne yake riƙe da shi yana turawa. Da ya zo kan iyakar da aka shata, sai ya ƙi wucewa.

To me babban likita zai koya kuma? Karanta zanen kwamfuta, da daidaita kyamarar, da sabawa da zarton da ke yi masa gardama. Sukan fara gwaji a kan ƙashin roba. Wani bincike da aka yi a Landan ya nuna sai bayan marasa lafiya bakwai likitan da ma'aikatansa suka saba, suka daina ɗaukar dogon lokaci.

Na'urar tana da tsada ƙwarai, kuma tana son wutar da ba ta ɗaukewa. Ko a can ma, likitoci na ta muhawara kan ko gwiwar da aka yi da ita ta fi wadda aka yi da hannu daɗewa.