Gyaran Ƙafar Mota da ta Kura a Gida: A Tare Tsatsa Tun Ba Ta Ci Ƙarfe Ba

A ƙasar Nijar yau da wuya a sami garin da babu kura ko mota. Kurar shanu da ta jaki su ke kai taki gona, su kawo hatsi da kara gida, su ɗauko ruwa daga rijiya, har su kai mara lafiya ko mace mai naƙuda gidan likita. Motocin kasuwa kuma su ke haɗa ƙauyuka da babbar hanyar gudron wadda ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, ta nufi Difa. Dukansu bisa ƙafa suke tafiya. Ƙafar kuma abu biyu ce: akwai taya, wato robar waje, akwai kuma ƙarfen da tayar ke zaune a kanshi, wanda makanikai ke kira janti, maƙwabta na Nijeriya kuma suna ce mishi rim.

Kowa na duba taya, sabili da ita ce ido ke gani tana cinyewa. Janti kuwa sai ranar da ya ba da kunya ake tunawa da shi. Alhali kuwa mai mota ko mai kura yana iya kula da shi a gida da hannunshi, da kuɗi kaɗan, in ya san abin da ya kamata ya yi, ya kuma san inda ya kamata ya tsaya.

Yadda ƙafar mota ta shigo ƙauye

A shekarun 1970 da 1980 aka yi babban ƙoƙari na yaɗa noma da dabbobi a cikin ƙasa. Gidajen ƙera kayan noma kamar ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram da CDARMA a Dosso sun ƙera garmar shanu da kura, manoma suka riƙa samu ta hanyar ƙungiyoyin haɗin gwiwa. Daga baya maƙera da masu walda na garuruwa suka koyi aikin, suna haɗa kura da ƙafafun tsofaffin motoci.

Motocin Peugeot sun taimaka ƙwarai a nan. An fara ƙera 404 a shekarar 1960, 504 kuma a 1968, sannan a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa su a Kaduna. Sun yi shekaru suna jigilar mutane da kaya a hanyoyin karkara kafin motocin Toyota su karɓe aikin. Mota tana mutuwa, amma ƙafarta tana ci gaba da aiki ƙarƙashin kura. Saboda haka janti da yawa da ke yawo a ƙauyuka sun girmi yaran da ke kora jakin.

Abin da ke kashe janti

Babbar abokiyar gaba ita ce tsatsa. Tsatsa tana samuwa ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Fenti shi ke raba su. Tsakuwar hanya da rairayi suna kankare fenti da rani, damana ta zo ta tarar da ƙarfe tsirara. Kurar da ke ƙetare Gulbin Maraɗi, Gulbin Kaba, Majiya ko Korama tana kwasar laka, lakar ta manne a cikin janti ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Fitsarin dabbobi, gishiri da takin zamani suna ƙara wa tsatsa sauri. Wanda ke ajiye kura kusa da turke yana ciyar da tsatsa bai sani ba.

Mafi munin tsatsa ita ce ta ciki, wadda taya ta rufe. In tayar mai robar ciki ce, ɓarɓashin tsatsa yana goga ta har ya huda ta. Mutum ya yi ta kai wa mai faci, yana zargin ƙaya, alhali ɓarnar daga janti take. In kuwa taya ce irin ta yanzu marar robar ciki, leɓen taya ne ke manne da gefen janti ya riƙe iska. Da tsatsa ta ci wurin, iska sai ta riƙa sulalewa a hankali. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana zafi, kuma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, tana iya fashewa mota na cikin gudu.

Abu na biyu shi ne duka. Ramin hanya, bakin gudron da ya karye, da lodi fiye da kima suna lanƙwasa gefen janti ko su tsaga shi. Na uku shi ne noti da ba a ɗaure da kyau ba: ƙafa tana wasa, ramukan noti su buɗe su zama kamar ƙwai.

A duba kafin a taɓa

Kafin a sayi fenti, a fara bincike. A tsaida mota wuri mai tauri da ya daidaita, a sa dutse ko icce gaba da bayan sauran ƙafafu. A sassauta noti tun ƙafa tana ƙasa, sannan a ɗaga. Kada a dogara da abin ɗaga mota shi kaɗai, musamman bisa rairayi. A tokare da gungumen icce mai ƙarfi. Tubalin siminti ko na laka yana iya rugujewa.

Ƙafa tana sama, a juya ta da hannu, a riƙe alli ko ɗan kara daf da gefen janti ba tare da motsa hannu ba. In gefen yana taɓa karan yana janyewa, janti ya karkace. Bayan haka a cire ƙafar, a kai wa mai faci ya fidda taya, a wanke janti da ruwa da sabulun gari har ciki. Sai a duba shi a cikin haske sosai: kewayen ramukan noti, wurin da faifan tsakiya ya haɗu da zoben waje, da ramin bakin hura iska.

Akwai lahani huɗu da ba a gyarawa a gida: tsaga kowace iri, ramukan noti da suka buɗe, tsatsar da ta ci ƙarfe har ya yi siriri ko ya huje, da karkacewar da ido ke gani. Irin wannan janti sai a sauya shi. Araha ba ta ado, kuma kuɗin wani janti bai kai kuɗin jinya ba. Wajen saye a karanta lambar da ke jikinshi. In an ga 6J x 15, ma'anarta faɗinshi inci 6, girmanshi inci 15. Lambar ƙarshe dole ta yi daidai da wadda ke jikin taya, ramukan noti kuma su dace da motar, ko 4 ne, ko 5, ko 6. Ba a fasa sabon rami don a tilasta mishi shiga.

Ɗan lanƙwasa a leɓen janti na baƙin ƙarfe ana iya maida shi da guduma, a sa guntun icce tsakani, a buga a hankali ba tare da wuta ba. Janti na alminiyom, irin mai ƙyalli na ƙananan motoci, dabam yake. Bai son duka, tsagewa yake yi. Zafi kuma yana rage ƙarfinshi, ga shi bai yin ja kamar baƙin ƙarfe bare a gane ya yi zafi da yawa. Wannan aikin masu na'ura ne.

Yadda ake shafa fenti

Kayan aiki kaɗan ne: burushin waya, takarda mai kaushi ta goge ƙarfe, tsumma mai tsabta, fentin farko mai hana tsatsa, da fentin ƙarfe na gamawa. Ana samun su a manyan kasuwanni kamar Katako a Yamai ko Kasuwar Dole a Damagaram, da shagunan kayan gini.

Yawancin aikin gogewa ce. A kankare tsatsa da tsohon fentin da ya tashi da burushin waya. A bi da takarda mai lamba 80, sannan mai lamba 180 ko 240. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. A ba da ƙarfi wurin da leɓen taya ke zama, har ya yi sumul. Fentin da aka shafa bisa tsatsa ko maiƙo ba ya kamawa. Tsatsar tana ci gaba da aikinta a ƙarƙashi, bayan ƴan watanni ya ɓare. In an gama gogewa a share ƙura, a goge da tsumma mai ɗan ruwan tsinka fenti, a bari ya bushe. A shafa fentin farko a ranar, don ƙarfen da aka goge bai jimawa sai ya sake yin ja.

Shafi siriri sau 2 ko 3 ya fi shafi mai kauri sau ɗaya. Mai kauri yana zuba, samanshi ya bushe cikinshi na ɗanye. In fentin feshi ne na gwangwani, a girgiza shi sosai, a riƙe shi nesa da janti kamar santimita 20 zuwa 30, hannu yana tafiya. Tsakanin shafi da shafi a jira lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani. Kafin a maida taya a bari ya kwana, kwana biyu ma ya fi.

Lokacin aiki yana da muhimmanci. Ba a fenti a cikin rana tsaka, don ƙarfe mai zafi yana busar da shi tun bai kama ba. Ba a yi ranar hazo da iskar hunturu, don ƙura za ta manne. Damana kuma akwai danshi. Lokaci mafi kyau shi ne bayan kaka kafin iska ta yi ƙarfi, ko kuwa da sanyin safiya a bazara, kafin ruwan farko. A yi a inuwa, a yayyafa ruwa ƙasa don ƙura ta kwanta.

Wuri biyu ba sa son fenti mai kauri: bayan janti inda yake manne da jikin mota, da bakin ramukan noti inda noti ke zama. A goge su su yi tsabta, a rufe su da takarda lokacin feshi. Dalili shi ne fenti yana murƙushewa in mota ta fara tafiya, sai notin da aka ɗaure tam ya sassauta. Wajen maida ƙafa a fara ɗaura noti da hannu, sannan a matse su a gicciye, wannan da na gabanshi, ba a jere ba. Hawa bisa maɗauri da tsalle yana miƙar da ƙusa har ta karye. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake duba su duka.

Inda rai ke cikin haɗari

Akwai aikin da ya kashe masu walda da masu faci a ƙasashe da yawa: sa wuta ga janti alhali taya tana jikinshi. Zafi yana bi ta ƙarfe ya shiga roba, robar ta fara ƙonewa daga ciki, iska ta kumbura, taya ta fashe ta yi jifa da ƙarfe. Wannan yana iya faruwa ko an sace iskar, yana kuma iya faruwa bayan an kashe wuta ana zaton an gama. Dole a fidda taya gaba ɗaya kafin kowace irin wuta ta matso kusa.

Hakanan janti na wasu manyan motoci mai zobe da ake cirewa. Tayar babbar mota tana ɗaukar iska kilo 7 ko 8, ta ƙaramar mota kuwa kilo 2 da ɗan kai. In zoben ya yi tsatsa ko bai zauna daidai ba, wajen hura iska yana iya tashi ya sare mutum. Wannan ba aikin gida ba ne, kuma ba a tsayawa gabanshi ana kallo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Fenti kanshi yana da nashi lahani. Ruwan tsinka shi da gwangwanin feshi suna kama wuta, saboda haka a nisanta su da murhu, fitila da taba. A yi aiki a fili, a rufe hanci da baki. Wasu fentin hana tsatsa, musamman mai jan launi na dā, akwai dalma a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. A tambayi mai shago fentin da babu dalma. A kori yara da mata masu ciki daga wurin gogewa, a share ƙurar a binne, a wanke hannu kafin cin abinci. Gwangwanin fenti ba a maida shi moɗa ko abin zuba abinci, kuma ba a jefa na feshi a wuta.

Kulawar yau da kullum

Bayan gyara, abin da ya rage ɗabi'a ce. A wanke laka duk ranar da aka ƙetare gulbi. A ajiye kura nesa da turke, ƙarƙashin rumfa in da hali. In za ta daɗe ba aiki, a ɗora ta bisa icce don ƙafa ta bar ƙasa. Inda fenti ya kankare a taɓa shi da ɗan burushi tun wurin yana ƙarami. Manoman gari ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi gwangwani ɗaya da burushi ɗaya, su sa rana su gyara kurayensu tare, tunda fentin da aka buɗe aka ajiye bushewa yake yi.

Mai kura da ke jiran damana, da direban da ke ɗaukar mutane ranar kasuwa, kowa ya sunkuya ya dubi ƙafar abin hawanshi tun yau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.