Robar da bakteriya ke haɗawa: me ya sa har yanzu ba ta zo kan wayarka ba?

Idan ka leƙa shagunan intanet da ke sayar da rigar waya, za ka ga wasu an rubuta cewa suna ruɓewa da kansu bayan an jefar da su. Kafin ka biya ƙarin kuɗi saboda wannan rubutun, ya kamata ka san cewa robobin da ake yi wa wannan laƙabi ba iri ɗaya ba ne. Wadda ta fi cancantar sunan ita ce PHA, kuma bakteriya ne ke sarrafa ta a cikin jikinsu.

Idan wasu nau'ikan bakteriya suka samu sukari ko mai da yawa, amma aka hana su naitirojin, sai su daina hayayyafa su fara tara abinci a cikinsu, kamar yadda mutum ke tara kitse. Wannan ajiyar ita ce PHA. Nau'in da ake kira Cupriavidus necator yana iya tara ta har ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa idan an busar da shi. A masana'anta ana kiwon su a cikin manyan tankuna, sannan a fasa su a tace robar.

Ba sabon abu ba ne. Wani masanin Faransa mai suna Maurice Lemoigne ne ya gano nau'in farko, wato PHB, a tsakiyar shekarun 1920. Kamfanin ICI na Ingila ya fitar da irinta da sunan Biopol a shekarun 1980.

Tun da abincin bakteriya ce tun asali, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa da ruwa, har da na teku, sun san yadda za su cinye ta. A nan ne ta bambanta da PLA, wadda ake samu daga masara ko rake kuma ta fi yawa a kasuwa. Ita PLA sai an kai ta wurin haɗa taki na musamman mai zafi sosai take ruɓewa da sauri. Idan ta faɗa cikin kwata, za ta daɗe tana nan tare da ledar fiya wata. Ko PHA ɗin ma ba ranar da aka jefar da ita take ɓacewa ba: kauri, zafi da danshi su ke yanke tsawon lokacin.

A ina ake amfani da ita? Kamfanin Kaneka na Japan yana yin irinta mai suna Green Planet, wadda ake yin tsinken shan lemo da cokula da ita. Amma a ganina inda ta fi burgewa shi ne asibiti. A 2007 hukumar FDA ta Amurka ta amince da zaren ɗinkin tiyata na wani nau'in PHA, wanda jiki ke narkar da shi a hankali ba sai an cire ba.

To me ya hana ta shiga kayan waya sosai? Na farko, tsantsar PHB tana da saurin tsagewa, kuma zafin da take narkewa, kusan digiri 175, yana dab da zafin da take lalacewa, don haka zuba ta a inji yana da wuya. Sai an gauraya ta da wasu nau'ikan kafin ta yi laushi. Na biyu kuma kuɗi: ciyar da bakteriya da tace robar ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan robar man fetur. Kamfanin Danimer Scientific na Amurka, ɗaya daga cikin manyan masu haɗa PHA, ya bayyana karayar arziƙi a 2025. Shi ya sa masu bincike ke gwada ciyar da bakteriyan da ragowar man suya da ruwan dattin masana'antu.

Saboda haka idan ka ga rigar waya da aka ce tana ruɓewa, duba bayanin kayan ka ga ko an rubuta PHA, PHB ko PHBH. Idan PLA ka gani, ko ba a faɗi komai ba, ka ɗauke ta a matsayin robar da za ta daɗe a bola.