Yoyon Man Giya a Makullin Iska: Yadda Ake Gano Tushen Matsala

Duk wanda ya taɓa ganin mota ta kafe a cikin laka da damina, ko cikin rairayin hamada, zai lura da wani abin mamaki: taya ɗaya tana ta juyawa a banza, 'yar'uwarta kuwa tana tsaye cik. Dalili shi ne wata na'ura da ke tsakiyar aksul, mai suna difaransha. Aikinta shi ne barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan mota tana shan kwana. Amma a wuri mai santsi wannan alheri yakan zama matsala, domin juyin yakan tsere zuwa tayar da ba ta kama ƙasa ba.

Don magance wannan aka ƙera makullin difaransha, wanda yake haɗe tayoyin biyu su juya tare. Wanda ya fi shahara cikin masu aiki da iska shi ne Air Locker na kamfanin ARB, wanda aka kafa a ƙasar Ostireliya a shekarar 1975.

Yadda yake aiki

Idan direba ya danna maɓalli, sai wani bawul mai aiki da lantarki ya buɗe. Iskar da kwamfireso ya matse, mai ƙarfin kimanin ba 6 zuwa 7, wato kusan ninki uku na iskar tayar ƙaramar mota, sai ta bi siririn tiyo zuwa cikin aksul. A can takan tura fistin, shi kuma ya sarƙe haƙoran giya. Idan aka kashe maɓallin, iskar takan koma baya ta fice ta bakin bawul, sifirin kuma ya saki makullin.

To, a nan gizo ke saƙar. Tiyon a tsaye yake, difaransha kuwa juyawa take yi cikin man giya. Abin da ya raba iska da mai a wannan mahaɗa shi ne zobba biyu na roba kacal. Saboda haka yoyo yana iya bin hanya biyu: ko dai mai ya shiga tiyon iska ya fito ta bawul, ko kuma iska ta kutsa cikin aksul ta koro mai waje.

Matakan bincike

Da farko, a tabbatar da irin man. Man giya yana da kauri da wari mai ƙarfi irin na farar wuta. Ɗan danshinsa a bakin bawul ba abin tashin hankali ba ne. Ɗiga ko feshi su ne alamar matsala.

Na biyu, a duba kafar numfashi da ke saman aksul. Ɗalibai za su tuna cewa idan aka ɗumama iskar da ke cikin rufaffen mazubi, matsinta yakan ƙaru. Idan zafin aksul ya tashi daga digiri 27 zuwa 87 a ma'aunin Salshiyas, wato daga 300 zuwa 360 a ma'aunin Kelbin, matsin iskar ciki zai ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Idan laka ko ƙura ko gidan zanzaro ya toshe kafar, wannan matsi ba shi da mafita sai ya tura mai ta wuri mafi rauni. Sau da yawa wanke kafar kawai yakan kawo ƙarshen yoyon.

Na uku, a tsayar da mota a wuri mai baje, a kwance murfin zuba mai. Ya kamata man ya tsaya daidai bakin ramin. Idan ya kwararo, an cika shi fiye da kima. Idan launinsa ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, sai a juye shi a zuba sabo.

Na huɗu, a gwada iskar. A kunna makullin alhali mota tana tsaye, a jira kwamfireso ya cika ya tsaya. Idan ya sake tashi kafin minti 15, iska tana zurarewa. Sai a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗar tiyo. Inda kumfa ta taso, nan ne ɓarakar. Idan ba a ga kumfa a waje ba, a kara kunne a ramin zuba mai. Jin huci daga ciki yana nuna cewa zobban roba, ko siririn bututun tagulla da ke kai musu iska, sun lalace.

Sai a wannan mataki ne ya kamata bakanike ya buɗe difaransha. Zoben yana iya tsufa, ko ya murɗe ko ya yanke tun lokacin ɗaura shi. Haka kuma, idan boris ya yi sako-sako, ko ƙarfen da zobban ke gogawa ya karce, sababbin zobba ma ba za su daɗe ba. Bayan gyara, a hure tiyon don fitar da ragowar mai, in ba haka ba za a zaci yoyon bai tsaya ba.

Abin lura

Sakaci da wannan yoyo yana da tsada. Idan mai ya ƙare, haƙoran giya da boris za su ci juna, mota ta tsaya a dajin da babu mataimaki. Idan kuma man ya bi ta gefen aksul ya jiƙa birki, to rayukan fasinjoji ne ke cikin haɗari.

Malamai za su iya nuna wa ɗalibai wannan ƙa'ida a aji: a ɗaura balan-balan a bakin kwalbar da babu komai a ciki, a tsoma gindinta cikin ruwan zafi, za a ga balan-balan ta fara kumbura. Abin da ke faruwa ke nan a cikin aksul mai toshasshiyar kafa. Shi ya sa gwanin bakanike yake fara duba kafar numfashi kafin ya ɗauki sifana.