Tractor Supply: Kantin Manoma da Ya Haɓaka Alhali Manoma Na Raguwa

A shekarar 1935 ƙasar Amurka na da gonaki kimanin miliyan 6.8, wanda shi ne adadi mafi yawa da ta taɓa samu, amma ƙidayar harkokin noma ta 2022 ta nuna cewa gonakin da suka rage ba su cika miliyan biyu ba. A daidai wannan tsakanin ne kamfanin Tractor Supply, wanda ya fara da sayar da kayan gyaran tarakta ta gidan waya, ya zama kamfani mafi girma a ƙasar wajen sayar da kayan gona da na kiwo ga mutanen karkara, da rassa sama da 2,200 a jihohi 49 cikin 50, da cinikin da ya kusa dala biliyan 15 a shekarar 2024. A bisa al'ada, ɗan kasuwar da masu sayen hajarsa suka ragu da fiye da kashi biyu cikin uku ba ya ƙara rumfa, don haka tarihin wannan kamfani ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin ya nuna yadda ita kanta karkarar Amurka ta sauya kama.

Charles E. Schmidt ne ya kafa kamfanin a birnin Chicago a 1938, kuma birnin ya dace da irin wannan sana'a, domin a nan ne manyan kamfanonin Sears da Montgomery Ward suka riga suka sabar wa mutanen ƙauye da ciniki ta gidan waya. Tsarin shi ne kamfani ya buga littafi mai ɗauke da hotunan kayayyakinsa da farashinsu ya aika wa manomi, shi kuma ya zaɓi abin da yake so ya tura kuɗi, ma'aikacin gidan waya ya kawo masa kayan har ƙofar gida. A lokacin tarakta na ta karɓar aikin da dawaki da alfadarai ke yi a gona, kuma duk inda inji ya shiga, buƙatar kayan gyara na biye da shi. Sai dai wasiƙa na da nawa, ga shi taraktar da ta lalace ana tsakiyar girbi ba ta ba mai ita damar jiran mako guda, saboda alkamar da ta nuna ruwan sama ko iska na iya kwantar da ita cikin dare ɗaya. Wannan ne ya sa a 1939 aka buɗe kantin farko a garin Minot na jihar Dakota ta Arewa, yankin noman alkama da ke kusa da iyakar Kanada, inda manomi zai shiga da ƙarfen da ya karye a hannunsa, ya gwada da sabo, ya koma gona a ranar.

Daga nan mallakar kamfanin ta yi ta sauya hannu. Ya fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a a 1959, kamfanin National Industries ya saye shi a 1969, daga baya ya koma ƙarƙashin Fuqua Industries a 1978, aka kuma ɗauke hedikwatarsa daga Chicago zuwa Nashville a jihar Tennessee. Waɗannan iyayen gida kamfanoni ne masu tattara sana'o'in da ba su da dangantaka da juna, kuma kantin manoma bai samu kulawar kirki a hannunsu ba. A 1982 wasu manyan ma'aikatansa, ciki har da Tom Hennesy da Joe Scarlett, suka ci bashi suka saye shi, ta hanyar da aka saba a kasuwar Amurka inda kadarorin kamfanin da kansa ke zama jinginar bashin da aka saye shi da shi.

Sun karɓi kamfanin a mawuyacin lokaci, domin shekarun 1980 ne suka fi yi wa manoman Amurka zafi tun bayan karayar tattalin arzikin shekarun 1930. Kuɗin ruwa a bankuna ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatin Jimmy Carter ta hana sayar wa Tarayyar Sobiyet hatsi a 1980, farashin ƙasar noma ya faɗi, kuma dubban iyalai da suka ci bashi don faɗaɗa gonakinsu suka wayi gari banki ya yi gwanjon kayansu. Gonakin da suka tsira sai suka haɗiye na maƙwabta suka ƙara girma, shi kuwa babban manomi mai dubban kadada ba ya zuwa kanti sayen taki buhu-buhu, yana saye ne da tirela kai tsaye daga dillalai ko ƙungiyoyin gama-kai na manoma, taraktarsa kuma ta zama injin da sai wakilin kamfanin da ya ƙera ta ke iya gyarawa. Mutumin da aka kafa Tractor Supply dominsa ya kama hanyar ɓacewa.

Abin da shugabannin kamfanin suka lura da shi, kuma a nan ne basirarsu ta fito, shi ne ƙasar ba ta zama kufai ba ko da manoman sun tashi. A gefen garuruwa an yayyanka tsofaffin gonaki zuwa ƙananan filaye, waɗanda suka saye su kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da direbobi da 'yan fansho, mutanen da albashi ke ciyar da su amma suke son doki ɗaya ko biyu, da kaji goma, da 'yan awaki, da lambun bayan gida. Irin wannan shi ake kira noman sha'awa, wato noma da kiwon da ba su ne ke riƙe da gida ba. Ma'aunin ma'aikatar noma ta Amurka ma ya ba su gurbi, tunda a wurinta duk inda ake iya sayar da amfanin da ya kai dala 1,000 a shekara sunansa gona, kuma mafi yawan iyalan da ke kan gonakin ƙasar daga wani aikin daban suke samun akasarin kuɗin shigarsu. Mai noman sha'awa ba shi da dillali, ba shi da gogewar wanda ya gaji noma, yana da kuɗin kashewa, kuma yana buƙatar wanda zai gaya masa irin abincin da ya dace da ɗan maraƙi ko maganin da ake ba tunkiya mai tsutsar ciki.

Wanda ya shiga ɗaya daga cikin kantunan a farkon bazarar Amurka zai ga wannan dabara a fili. A tsakiyar kanti ana jera manyan kwamayen ƙarfe irin na shayar da shanu, a shimfiɗa ɓawon katako a ciki, a rataya fitilun ɗumi masu jan haske, sannan a zuba 'yan tsakin kaji da na agwagi 'yan kwana kaɗan, suna ta kuka yara na leƙe. Ɗan tsako kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ribar da ke kansa ba ta da yawa, amma iyalin da suka fita da shida a kwali sun fita ke nan da fitila da mazubin ruwa da buhun abinci, bayan 'yan makonni za su dawo neman akurki da wayar shinge, daga nan kuma duk wata sai sun zo ɗaukar wani buhun. A waje, cikin filin da aka kewaye, akwai ƙofofin garke da turakun shinge da ƙananan tireloli da wurin ɗura iskar gas. Kusan rabin cinikin kamfanin daga abinci da magunguna da kayan dabbobi yake fitowa, har da na karnuka da kyanwoyi, kuma taraktar da sunanta ke saman ƙofa yanzu ƙaramin ɓangare ce ta hajar.

Dogaro da kayan da ke ƙarewa a sake saye yana da fa'ida biyu. Ta farko ita ce dabba ba ta san matsin tattalin arziki ba, mai doki na iya fasa sayen sabon injin yankan ciyawa amma ba ya fasa sayen abincin dokinsa. Ta biyu kuma ita ce nauyi: buhun abincin dabbobi a Amurka yakan kai kusan kilo 23, kuɗin aika shi gida-gida zuwa ƙauye mai nisa na cinye ribarsa, shi ya sa masu ciniki ta intanet irin su Amazon, da suka durƙusar da kantunan littattafai da na kayan lantarki, ba su iya yi wa wannan kasuwa irin wannan ɓarnar ba. Kamfanin ya kuma ƙirƙiri hajoji masu ɗauke da sunayen da shi kaɗai ke sayarwa, kamar DuMOR da Producer's Pride na abincin dabbobi, da 4health na karnuka, da tufafin aiki masu sunan C.E. Schmidt, waɗanda ribarsu ta fi ta kayan wasu kamfanoni tsoka.

Da wannan tsari ne bunƙasar ta kankama. Kamfanin ya koma kasuwar hannayen jari, wannan karon ta Nasdaq, a 1994, sannan a 2001 babban abokin hamayyarsa, Quality Stores na jihar Michigan, ya durƙushe ƙarƙashin bashi, Tractor Supply ya karɓi sama da 80 daga cikin wuraren kantunansa, kuma a 2002 cinikinsa ya haura dala biliyan ɗaya karon farko. Zuwa 2011 rassansa sun wuce 1,000, a 2016 ya sayi Petsense mai sayar da kayan dabbobin gida a ƙananan garuruwa, a 2021 kuma ya buɗe reshe na 2,000. Annobar korona ta ƙara masa mai: an bar kantunansa a buɗe saboda abincin dabbobi na cikin abubuwan dole, mutane da dama sun bar birane, kiwon kaji a bayan gida ya zama ruwan dare, ciniki ya tashi daga dala biliyan 8.35 a 2019 zuwa biliyan 10.62 a 2020.

Wannan girma yana da tsada, kuma ba kamfanin ne ke biyanta ba. Ƙananan garuruwan Amurka sun daɗe da kantunan abincin dabbobi na iyali, inda mai kanti ya san kowane garke da mai shi, yana ba da kaya bashi har a sayar da maruƙa, kuma irin wannan kanti ba ya iya karawa da kamfanin da ke sayen kaya da sari don rassa dubu biyu. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta tarayya, wadda aikinta shi ne hana kamfani ɗaya mamaye kasuwa har ya riƙa yanka farashi yadda ya ga dama, ta nuna wannan damuwa lokacin da Tractor Supply ya nemi sayen abokin hamayyarsa Orscheln Farm and Home na jihar Missouri a farkon 2021. Binciken ya ɗauki fiye da shekara ɗaya da rabi, kuma da aka kammala cinikin a watan Oktoban 2022 kan kusan dala miliyan 320, sharaɗin shi ne kamfanin ya riƙe kantuna 81 kawai cikin 166, sauran 85 ya sayar wa kamfanonin Bomgaars da Buchheit, domin a garuruwa da yawa na tsakiyar ƙasar Orscheln ne kaɗai wurin da mai kiwo zai je idan farashin Tractor Supply bai yi masa ba. Wannan hukunci ya yi daidai, sai dai ya shafi sayen kamfani ne kurum, bai shafi sababbin rassan da ake ginawa ba, kuma daga hedikwatarsa ta yanzu da ke Brentwood a Tennessee kamfanin ya bayyana cewa burinsa shi ne rassan su haura 3,000.