Yakubu Nabame da Gabar da Ta Ƙare a Bakin Matan Fada

A shekarar 1831 rundunonin Sakkwato da na Gwandu suka yi wa Argungu ƙawanya, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa yana gaba. A cikin ganuwa akwai Sarkin Kabi Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, da ɗansa Yakubu Nabame, da ragowar Kabawan da suka ƙi miƙa wuya.

Taurin kan nan yana da tushe. Kabawa jikokin Muhammadu Kanta ne, jarumin da ya ɓalle daga daular Songhai wajen shekarar 1516, ya gina Surame, ya hana Askiya na Songhai da Barno duka su taka shi. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kabi, har zuwa 1805 da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin. Sarki Muhammadu Hodi ya fita da mutanensa, ya yi ta fafatawa shekara ashirin kafin a kashe shi. Karari ya ɗora daga inda ya tsaya, ya kafa sansaninsa a Argungu, bakin Gulbin Kabi.

Da ƙawanya ta tsananta, mutanen gari suka ga ba makawa sai an buɗe ƙofa. Karari ya sulale ya ƙetare gulbi ya nufi yamma, dawaki suka bi sawunsa. Masu tarihi sun ruwaito cewa da ya tabbatar an cim masa, sai ya sauka daga doki, ya shimfiɗa garkuwarsa a ƙasa, ya zauna a kanta kamar mai zaman tahiya, ya jira ajalinsa. A nan aka kashe shi.

Yakubu ya tsira a ranar, ya ɓuya a ƙasar Arawa, amma daga baya ya faɗa hannu. Ɗan sarkin da ya yi tawaye, a al'adar yaƙin wancan zamani, takobi ne rabonsa. Amma Muhammadu Bello ya bar shi da ransa, ya ajiye shi a Sakkwato. Haka ɗan Karari ya zauna shekara fiye da goma a gidan waɗanda suka kashe mahaifinsa, yana ci daga akushinsu, yana bin su sallah, yana hawa tare da su in an fita yaƙi. Bello ya rasu a 1837, Atiku ya yi zamaninsa, Aliyu Babba ya hau a 1842, Yakubu yana nan.

A wani yaƙi da Gobirawa ne al'amari ya juya. An rutsa da ɗan Sarkin Musulmi Aliyu, Yakubu ya kutsa ya fitar da shi da rai. Aliyu Babba ya rasa tukuicin da ya kai wannan, sai ya ba shi abin da ya fi so, wato izinin komawa ƙasar iyayensa.

A 1849 Yakubu Nabame ya shiga Argungu, Kabawa suka naɗa shi Sarkin Kabi, ya ce daga yau ba sauran biyayya ga Gwandu ko Sakkwato. Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. A Sakkwato an ɗauki abin a matsayin cin amana, an raini mutum ya juyo da mashi. A Argungu kuwa cewa aka yi ɗa ya karɓo gadon ubansa. Kowane ɓangare yana da hujjar da yake ji a ransa, shi ya sa wutar ta daɗe ba ta mutu ba.

Abin da ya biyo baya ya ci manya. Yakubu ya cika a fagen fama a 1854. Ɗan'uwansa Yusufu Mainasara, wanda ya gaje shi, shi ma a hannun mayaƙan Gwandu ya rasu a 1859. Shekara guda bayan haka Kabawa suka rama, suka kashe Sarkin Gwandu Haliru. Talakawa kuwa ba a maganar adadinsu: ƙauyukan da aka ƙone, rumbunan da aka fasa, 'ya'yan da aka kama aka sayar, daga wannan gaɓa da waccan.

Mutum zai yi mamakin yadda ƙaramin gari ya gagari daular da ta kai har Adamawa da Ilorin. Jarumta tana ciki, amma gulbi ma ya yi nasa aikin. Argungu tana zaune ne a gefen fadama mai faɗi. Da damina ruwa yakan malale ta, ya bar laka da tafkuna har cikin rani, dokin yaƙi kuwa ba ya son laka. Bakabe ya san kowane mashigi da kowane gurbi mai zurfi, yana da jirginsa, yana da kifi da shinkafar da zai ci ko an toshe masa hanya. Ruwan da yake ciyar da garin shi ne kuma yake tsaronsa.

An taɓa gwada sulhu. A 1867 Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i suka ƙulla amanar da ake kira Lafiyar Toga, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Wajen shekara takwas aka yi ana noma da fatauci cikin kwanciyar hankali, sannan aka koma gidan jiya. A 1883 Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda ake kira Sama, ya hau gadon sarauta, ya zama dodon garuruwan iyaka. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya tara babbar runduna ya nufo Argungu a 1892, ya koma bai ci garin ba. Har Turawan Ingila suka sauka Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ba wanda ya karya Kabawa. Sai dai iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta yanke musu yanki mai yawa na ƙasarsu ta yamma, ya faɗa cikin Nijar ta yau.

Zuwan Turawa ya sa an ajiye makamai, amma zukata ba su huce ba. Shekara talatin aka ƙara ana kallon juna daga nesa.

Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taso daga Sakkwato ya zo Argungu baƙunci, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. A duba nasabar mutanen nan biyu. Hassan jikan Muhammadu Bello ne, wanda ya yi wa garin ƙawanya. Muhammadu Sama kuwa jikan Yakubu Nabame ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, Sarkin Musulmi kuwa ya taka. Su kuma Kabawa, da suka tashi karrama baƙonsu, sai suka nuna masa abin da suka fi kowa iyawa. Aka tara masunta, aka yi gagarumin su a gabansa. Daga wannan rana ake ƙirga bikin kamun kifi na Argungu, ko da yake al'adun ruwa irin su gyaran ruwa da fashin ruwa sun girme shi nesa ba kusa ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada, inda ake yin bikin, ranar su ya san abin da ake nufi. An hana kamun kifi a wannan yanki na gulbi duk shekara, kuma ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Dubban masunta sukan jeru can nesa da gaɓa, kowa da homarsa da ƙaton gora. Da an buga bindiga sai ƙasa ta ɗauki rugugin ƙafafu, ƙura ta tashi, kafin ka ƙifta ido ruwan ya cika da kawuna. Masunci yakan kwanta a kan gorarsa yana shawagi, ya nutsa, ya taso, ya jefa ƙananan kifi cikin bakin gorar, idonsa yana kan giwan ruwa. Makaɗa suna bi cikin jirage suna zuga su. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗora shi a kan sikeli. A 2020, da aka dawo da bikin bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, na ɗaya ya kai kilo 78. Tun a 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya take tunƙaho da su.

Tsohuwar fadar sarakunan Argungu, wadda suka zauna a ciki har 1942, ita ce Gidan Tarihi na Kanta tun 1958. Masu da takubba da tambura na waɗancan yaƙe-yaƙe suna ajiye a ciki. Birnin Kabi, inda rigimar ta faro, nan ne mazaunin Sarkin Gwandu, kuma tun 1991 shi ne babban birnin jihar da ta haɗa Gwandu da Argungu a inuwa ɗaya.

Yau da ƙasarmu take fama da rikicin manoma da makiyaya da zargin juna tsakanin ƙabilu, wannan tarihi ya cancanci a koya wa yara a makarantunmu. An kashe sarakuna ta kowane ɓangare, an yi fiye da shekara ɗari ana gaba, duk da haka jikokinsu sun zauna wuri ɗaya sun gaisa. Duk wanda Allah ya kai shi Argungu kallon su, ya daure ya shiga Gidan Tarihi na Kanta tukuna, ya ga makaman da aka ajiye kafin a samu wannan biki. Allah Ya jiƙan magabata, Ya dawwamar mana da zaman lafiya.