In Birki Ya Yi Gurnani, Kada Ka Ɗaga Ƙafa

A damunar bara muna dawowa daga wani biki, mu biyar cikin wata mota 'yar Kwatano, ruwa ya same mu a gangaren Hawan Kibo. Ba zato sai tumaki suka faɗo kan kwalta. Direbanmu dattijo ne, ya fi shekara ashirin yana tuƙi, ya kuwa taka birki da iyakar ƙarfinsa. Nan take muka ji wata ƙara daga gaban motar, gurrr, kamar injin niƙa ya gamu da tsakuwa. Matakin birkin ya shiga rawa yana turo ƙafarsa baya. Baba ya tsorata ya ɗaga ƙafa, ya sāke takawa, ya sāke ɗagawa. Da ƙyar muka tsaya, saura kaɗan mu hau kan garken. Da hankali ya komo ya ce mana, "'Ya'yana, birkin nan ya lalace. Gobe zan kai a cire mini wannan abin."

'Yan'uwa masu karatu, birkin Baba bai lalace ba. Ƙarar da ta ba shi tsoro ita ce shaidar cewa birkin yana aikinsa. Abin da ya kusa jawo mana hatsari shi ne ɗaga ƙafar da ya yi.

Na'urar da ta yi wannan gurnani ana kiranta ABS, watau tsarin da ke hana taya kullewa sa'ad da aka taka birki. Taya in ta kulle ta daina juyawa, sai ta riƙa santsi a kan hanya, sitiyari kuwa ya zama banza, gama tayar da ba ta juyawa ba ta jin sitiyari. Don magance wannan, a jikin kowace taya akwai wani zobe mai haƙora da wata 'yar na'ura, masu gyara suna ce mata sansa, wadda ke ƙirga saurin juyawar tayar tana aika wa ƙwaƙwalwar motar. Da zarar ƙwaƙwalwar ta ga wata taya tana shirin kullewa, sai ta buɗe bawul ta rage ƙarfin man birki a kan wannan tayar, ta sāke matsawa, ta sāke saki, har kusan sau 15 a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma ƙaramin famfo mai mayar da man. Buɗewa da rufewar bawul ɗin nan da gudun famfon su ne ƙarar da kunne ke ji, su ne kuma rawar da ƙafa ke ji.

Ba sabon abu ba ne. A jiragen sama aka fara amfani da irinsa, sa'an nan a 1978 kamfanin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fito da mai aiki da lantarki a motoci. Daga 2004 kusan duk sabuwar motar da aka sayar a ƙasashen Tarayyar Turai tana da shi, shi ya sa yawancin motocin da ake kawo mana yanzu suke zuwa da shi.

Ba mu ga laifin Baba ba. Shi da tsararsa a kan Fijo 504 suka koyi tuƙi, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Wannan mota ba ta da ABS, saboda haka aka koya musu cewa in hanya ta yi santsi, a taka a saki, a taka a saki. Koyarwa ce mai kyau a wancan lokaci. Amma a mota mai ABS na'urar ce ke yin wannan aiki, da saurin da ƙafar mutum ba za ta taɓa kaiwa ba. Direban da ya saki birki ya katse mata aiki ke nan. Mu yi lissafi: motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In tsoro ya sa ka ɗaga ƙafa na daƙiƙa ɗaya tak, ka ba da mita 22 kyauta, alhali wani lokaci tsakaninka da yaron da ya tsallako hanya bai kai haka ba. Abin yi shi ne ka taka da ƙarfi, ka riƙe, ka bar shi ya yi ta gurnaninsa, idonka a kan inda kake so motar ta bi, ka juya sitiyari ka kauce.

Akwai wata ƙarar kuma da ba ta da lahani. A motoci da yawa, in aka tayar da inji aka fara tafiya a hankali, za a ji ɗan ƙwas ko ɗan zuuu sau ɗaya. Na'urar ce ke gwada kanta. Haka ma fitilar ABS mai ruwan ɗorawa da ke kamawa in an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi.

To, wace ƙara ce abin damuwa? In kana tsayawa a hankali a kan busasshiyar kwalta, ba santsi ba gaggawa, amma matakin birki yana rawa, wannan ba daidai ba ne. Galibi sansa ce ta yi datti ko tsatsa, ko wayarta ta tsinke, ko zoben nan mai haƙora ya tsage, sai ƙwaƙwalwar ta ɗauka taya ta kulle. Boris ɗin taya da ya ci, ko tayoyi masu girma dabam dabam, su ma suna ruɗa ta. In famfon ya ci gaba da kuka bayan an kashe mota, a nemi mai gyaran wutar mota da wuri, gama zai shanye batir. Ƙara mai tsini kamar ƙarfe na goga ƙarfe kuwa ba ta ABS ba ce, takalmin birki ne ya cinye. In fitilar ABS ta kama ta ƙi mutuwa, birki na yau da kullum yana nan, sai dai kariyar kullewa ta tafi. Amma in jar fitilar birki ta kama tare da ita, a tsaya a duba man birki, kada a ce bari mu ƙarasa gida.

A nan ne muke da magana da wasu makanikanmu. Ka kai musu mota da ƙarar ABS, sai su ce wannan abin na Turawa ne, bai dace da hanyoyinmu ba, a cire. Wasu ma ƙwan fitilar suke zarewa domin mai saye kada ya gani. Saboda haka mai sayen mota ya murɗa makulli ya duba: in fitilar ABS ba ta kama ba ko kaɗan, ya yi tambaya. Gaskiya ne a kan yashi ko tsakuwa mota mai ABS takan ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya, domin tayar da ta kulle takan tara ƙasa a gabanta. Wannan dalili ne na rage gudu a hanyar ƙauye, ba na zubar da na'urar ba. Yau akwai masu gyara da ke jona kwamfuta su gano tayar da ke da matsala, sau da yawa kuwa wanke sansa ko canza ta ya isa. Man birki ma yana shan laima, shi ya sa masu ƙera motoci da dama ke cewa a canza shi duk shekara biyu.

Baba bai kai motar an cire ba. Ran Asabar da ta biyo muka raka shi wata hanya da ba kowa, kowa ya ɗaura bel, ya kai gudun kilomita 40 ya taka ya riƙe. A karo na farko ƙafar ta sāke gudu da kanta. A karo na uku ya riƙe har motar ta tsaya cik, ya yi dariya ya ce a bar shi ya ƙara ɗaya.