Lulluɓe Ƙasa: Dabarar Ceton Wake Daga Fari

Wake na da juriyar ƙishi, shi ya sa Najeriya da Nijar ke kan gaba wajen nomansa a duniya. Amma lokacin fure ba ya yafe rashin ruwa. Ruwa ya ɗauke a wannan gaɓar, sai furen ya kakkaɓe, manomi ya tashi da harawa kawai.

A nan lulluɓe ƙasa ke da rana. Bayan noman farko, ana shimfiɗa karan gero, na dawa ko busasshiyar ciyawa tsakanin shuka, ba tare da an danne gindinta ba. Rana ba ta dukan ƙasa kai tsaye, don haka danshi kan daɗe; tura yatsa ƙarƙashin karan da azahar ka ji sanyi. Gara ma, duk da baƙin jininta, aiki take yi: tana cin kara tana huda ƙasa, ruwa ya samu mashiga ko a fako.

Sai dai kara ba banza ba ne. Dabbobi na jiransa, danga da murhu ma haka. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da jigawar da ta fi saurin bushewa, ya haɗa da iri mai nuna da wuri, irin waɗanda cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa.